Wa Zai Karɓe Su a Jami'a? Aikin Tallafa wa Ɗalibai Masu Naƙasa, daga Kankiya da Kusada

A Gidan Mutum Ɗaya, cikin ƙaramar hukumar Kusada, titi ya rabu uku. Ɗaya ya yi arewa, ya ratsa Kankiya da Caranci ya shiga birnin Katsina. Ɗaya ya tsallaka iyakar jiha, ya bi ta Tsanyawa da Bichi ya faɗa Kano. Na ukun ya ɗauki hanyar Malumfashi da Funtuwa. Direbobi da 'yan kamasho sun san wannan mararraba da lodin fasinja da buhunan hatsi. Amma ga iyalin da Allah ya ba su ɗa mai naƙasa, kuma suka ƙudura sai ya yi karatun boko, kowane titi da abin da yake nufi. In kurma ne, Malumfashi za a kai shi, inda gwamnatin jiha ke da makarantar kurame. In makaho ne, sai makarantar makafi ta Katsina. Ranar da makahon ya gama sakandare ya nemi jami'a kuwa, titin Kano zai bi, don a can ne JAMB ke da cibiyar jarrabawar makafi da ta fi kusa da shi.

A duk waɗannan wurare akwai mutumin da aka ɗauka aiki domin yaron: malamin da ya iya magana da hannu, malamar da ke karanta rubutun makafi, jami'in da zai tarbe shi a harabar jarrabawa. Sai a mataki na ƙarshe, wanda ya fi tsada kuma ya fi wuyar kaiwa, a nan ne sau da yawa ake rasa mai tarba.

Manyan makarantu ba su yi wa Kankiya da Kusada nisa ba. A cikin garin Kankiya akwai makarantar koyon aikin lafiya ta jiha. Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. A Katsina ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Al-Qalam, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Tambaya ɗaya ya kamata a yi wa kowace cikinsu, har da sauran takwarorinsu na Kano da Zariya da Sakkwato: ranar da makaho ko kurma ko mai keken guragu ya iso bakin ƙofa da takardar gurbinsa, sunan wa maigadi zai ambata masa? Kuma wanda aka ambata ɗin, aikin da yake karɓar albashi a kansa ke nan, ko kuwa wani malami ne mai tausayi da ya ɗora wa kansa?

'Yan kwanakin jarrabawa

Tambayar ta zama ta gaggawa ne saboda ƙofar shiga ta fara buɗewa. A 2017, shekara guda bayan Farfesa Is-haq Oloyede ya zama magatakardan JAMB, hukumar ta kafa kwamitin da ake kira JEOG, ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, tsohon shugaban hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, aka ɗora masa alhakin shirya jarrabawa ga makafi da wasu masu buƙata ta musamman. An ware cibiyoyi a sassan ƙasar. Ta Kano tana Jami'ar Bayero, kuma tsohon shugaban jami'ar, Farfesa Muhammad Yahuza Bello, ya jagorance ta. Hukumar ke ɗaukar nauyin masauki da abincin ɗalibi da ɗan jagoransa.

Wanda bai taɓa ganin makaho na rubutu da allonsa ba, ba zai gane nauyin aikin ba. Allon faranti biyu ne masu maɗauri, a zura takarda mai kauri a tsakani a rufe. Farantin sama na da 'yan tagogi a jere, kowace taga na da gurbin ɗigo shida, kuma da haɗa waɗannan ɗigo shida ake fitar da kowane harafi. Ɗalibi zai riƙe ɗan tsinke mai kan katako ko roba yana huda takardar. Da yake ta baya yake hudawa, dole ya fara daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye. Sai ya zare takardar ya kifa ta sannan ya shafa da yatsa daga hagu zuwa dama ya ji abin da ya rubuta. In ya yi kuskure, da farce ko gindin tsinken zai danne ɗigon ya koma ciki. Haka zai bi mai karanta tambaya, ba ya sakin layi, har a gama.

Abin da JAMB ta yi ya cancanci yabo, kuma ya nuna cewa in aka ba wa mutane sanannu aiki sananne da kuɗin yin sa, aikin na yiwuwa a ƙasar nan. Sai dai jarrabawa ta 'yan kwanaki ce. Digiri kuwa shekara huɗu ne ko biyar.

A ƙaddara wata yarinya ce makauniya daga Yashe ta samu gurbin karanta shari'a. Rajista ta intanet ake yi, a shagon kwamfuta, kuma shafin ba a gina shi yadda manhajar makafi za ta karanta ba. Jadawalin lacca a jikin allon sanarwa aka manna shi. Malami ya shigo aji ya yi zane a allo, ya ce "ku dubi nan," ya wuce. Takardun darasi hoto aka ɗauka aka raba. Da ƙawaye za ta rayu: wannan ta karanta mata babi ɗaya da dare, waccan ta naɗa mata lacca a waya. Allah ya saka wa irin waɗannan ƙawaye, su ne suka fitar da makafi da yawa daga jami'a da digiri a hannu. Amma su ma suna da nasu karatun, kuma makon jarrabawa, lokacin da ta fi buƙatarsu, shi ne lokacin da ba su da sarari. Sannan ranar jarrabawar kanta: da me za ta amsa? In da rubutun makafi ne, wa zai mayar wa malamin da shi boko? In da kwamfuta ce, wa ya amince? In wani zai rubuta mata, wa zai zaɓe shi, kuma minti nawa za a ƙara mata? Inda babu ƙa'ida a rubuce, kowane malami da nasa hukuncin, ita kuma sai ta bi ofis-ofis tana roƙon abin da haƙƙinta ne.

Kurma ma nasa ya fi ɓoyuwa, don yana zaune a aji da littafi a gabansa, ba mai lura cewa awa biyu sun wuce bai samu komai ba. Mai keke kuma, in an sa lacca a bene, sai 'yan ajinsa sun ciccibe shi sun hau da shi. Namiji kan daure ya yi dariya ya yi godiya. Mace fa, wa zai ɗauke ta? Akwai ɗaliban da ke ƙin shan ruwa tun safe saboda ƙofar bayan gida ta fi kekensu ƙanƙanta.

Abin da doka ta tanada

Ba a rasa doka ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar haramta nuna wariya ga masu naƙasa. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikinsu ga masu naƙasa. Ta yanke tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ma'aikata.

Sashen da ya fi shafar wannan magana kuwa ba a cika ambatonsa ba. Dokar ta ce makarantun gwamnati, tun daga firamare har manyan makarantu, su kasance masu karɓar kowa, kuma kowace makaranta ta mallaki aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da karatun masu naƙasa, tare da kayan aikin da suke buƙata. Wato dokar da kanta ta ƙirƙiri gurbin aiki a kowace jami'a da kowace kwaleji. Mutum ɗaya ba zai isa jami'a mai dubban ɗalibai ba, amma da shi ake farawa. A ganina wannan jimla ta fi rabon kekuna a gaban kyamara amfani nesa ba kusa ba, domin keke na lalacewa cikin shekara biyu, ma'aikaci mai ofis kuwa yana nan lokacin da ƙanen ɗalibin zai zo.

Aikin ofishin

Mutane kan ɗauka aikin na jinƙai ne, wanda duk mai kirki zai iya. Kirki sharaɗi ne, amma aikin na ƙwararru ne, kuma yawancinsa a kan takarda da zaman kwamiti ake yin sa.

Jami'in kirki yakan fara tun kafin ɗalibi ya iso. Zai karɓi sunayen waɗanda suka bayyana naƙasarsu daga ofishin ɗaukar ɗalibai, ya kira kowa ya zauna da shi, domin makafi biyu ba lallai buƙatarsu ta zo ɗaya ba: wani ya taso da rubutun makafi, wani da girmansa ya rasa gani, kwamfuta kawai ya iya, zabiya kuma abin da yake so shi ne kujerar gaba da takarda mai manyan haruffa. Daga nan sai ya rubuta abin da aka amince a yi wa kowane ɗalibi, ya aika wa sashensa, ta yadda malami zai samu umarni daga hukumar makaranta, ɗalibi ya huta da roƙo. Zai halarci zaman kwamitin jadawali ya ce a sauko da kwas kaza ƙasa. Wannan ko sisi ba ya ci, amma sai akwai mai kujera a zaman da zai tuna. Zai bi ofishin masauki a ware ɗakunan ƙasa, ya bi sashen gine-gine ya ga zanen sabon ɗakin lacca tun kafin a zuba harsashi, don gangarar keke da aka zana tun farko ta fi wadda aka fasa gini aka liƙa arha da kyau. Kuma zai riƙe sirri: akwai mai farfaɗiya, da mai sikila, da mai larurar ƙwaƙwalwa, waɗanda ba za su buɗe baki ba sai sun tabbata maganar ba za ta zaga aji ba.

Ƙarƙashinsa akwai masu sana'o'in da matasanmu da yawa ba su san ana cin abinci da su ba. Akwai mai mayar da littafi zuwa rubutun makafi, wanda zai ɗauki hoton shafuka da na'ura, ya gyara kurakurai harafi da harafi, sannan ya tura wa injin huda takarda. Shafi ɗaya na boko kan ci shafi biyu zuwa uku, kuma lissafi da kimiyya na da alamominsu daban. Hausa ma na da nata alamomin na haruffa masu lanƙwasa, haka Larabci. Da can haƙƙin mallaka na kawo cikas ga irin wannan aiki, amma yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017, da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, sun halatta a sauya wa littafi siffa domin makafi. Akwai kuma mai koyar da kwamfuta mai magana. Manhajar NVDA kyauta ce, kuma makahon da ya ƙware da ita zai iya buga jarrabawarsa da kansa malami ya karanta kai tsaye. Akwai mai koya wa sabon ɗalibi hanya da sanda, daga ɗakin kwana zuwa masallaci zuwa ɗakin karatu, har ƙafarsa ta haddace.

Tafintan kurame shi ne wanda aikinsa ya fi cin jiki. Yana tsaye ko zaune a gaban aji, gefen allo, inda ɗalibin zai gan shi ya ga malami a lokaci guda. Kunnensa na kan jimlar da malami ke faɗa yanzu, hannunsa na kan wadda ta gabata, fuskarsa na nuna ko tambaya ce ko musu ko jaddadawa, domin a harshen kurame gira da baki ɓangare ne na nahawu. In malami ya ambaci kalmar kimiyyar da ba ta da alama, sai ya rattaba ta da yatsu harafi-harafi, kuma malamin ba zai jira shi ba. Shi ya sa tafinta nagari ke neman takardar darasi tun jiya ya yi bita. A ƙasashen da aikin ya kafu, tafinta biyu ake turawa doguwar lacca, suna karɓeɓeniya bayan kowane minti 20 zuwa 30, saboda in an wuce haka ma'ana ta fara zubewa. Mu a nan sau da yawa mutum ɗaya ke bin ɗalibai daga safe har la'asar.

A ƙasar Hausa akwai wani ƙarin nauyi. Kuramenmu na da nasu harshen tun kafin zuwan makarantun boko, wato maganar hannu, wadda Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Harshen da ake koyarwa da shi a makarantun kurame kuwa ya samo asali ne daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Yaron Kusada zai iya tashi da ɗaya a gida da kasuwa, ya koyi ɗayan a Malumfashi. Tafintan da ya san duka biyun, ya san Hausa da Turanci, shi ne zai iya tsayawa tsakanin ɗalibi da malaminsa, kuma ya tsaya tsakanin ɗalibin da mahaifinsa ranar da aka kira iyaye. Irin wannan mutum ba daga Legas za a kawo shi ba. Yana nan cikin ƙannen kurame da yayyensu da 'ya'yansu a garuruwanmu, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ke hannunsa sana'a ce da ake neman takardar shaida a kanta.

Tsanin da ba a kafa ba

Wuraren koyo akwai su. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo tun 1977 take horar da malamai a wannan fanni. Jami'o'in Ibadan da Jos na da tsofaffin sassa na ilimin masu buƙata ta musamman, kuma akwai irin wannan sashe a Jami'ar Bayero. Jami'ar Ilorin na da cibiyar tallafa wa kurame mai samar da tafintoci ga ɗalibai, misalin da ke nuna cewa jami'ar Nijeriya na iya mayar da wannan aiki sashe mai zaman kansa.

Matsalar tana bayan samun takarda. Ma'aikacin ɗakin karatu ya san matakin da zai fara da wanda zai ƙare a kai. Akanta ya sani, mai aikin ɗakin gwaje-gwaje ya sani. Tafinta ko mai rubutun makafi kuwa, a wurare da dama ko dai ɗan wucin-gadi ne, ko kuma an cusa shi cikin ma'aikatan mulki inda ba wanda zai iya auna ƙwarewarsa ranar ƙarin girma. Mai hazaƙa cikinsu yakan duba gaba ya ga babu hanya, sai ya yi digiri na biyu ya koma koyarwa, ko wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi. Ba laifinsa ba ne, yana da iyali. Amma duk lokacin da irinsa ya tafi, da shi ake tafiya da sanin wane malami ke ba da haɗin kai, wane ɗaki ke da gangara, wace ɗaliba ke jin kunyar tambaya.

Ƙasashen da suka yi nisa ma da mutum ɗaya suka fara, amma sun bar shi ya tsufa a kan aikin. A 1948 Jami'ar Illinois ta Amurka ta damƙa wa wani matashi, Timothy Nugent, kula da tsofaffin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu a kan keke. Ya riƙe shirin har 1985, kuma binciken da aka yi a ƙarƙashinsa kan faɗin ƙofa da tudun gangara shi ya zama tushen ƙa'idar gini ta farko ta ƙasar mai la'akari da masu naƙasa a 1961. A 1977 masu wannan aiki a manyan makarantun Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta ƙwararru. Abin ɗauka a nan shi ne ofishin ya samu matsayi, ma'aikatansa suka samu tsanin hawa, har mutum zai iya shiga yana saurayi ya fita yana darakta.

Wa zai shugabanta?

Inda aka ajiye ofishi shi ke nuna darajarsa. In aka maƙale shi a wani lungu ƙarƙashin sashen harkokin ɗalibai, ba shi da layi a kasafin kuɗi, to shugabansa ɗan aike ne kawai, abin da zai riƙa ji shi ne "a yi haƙuri, babu kuɗi" da "sai an samu amincewa daga sama." In kuwa darakta ne mai kai rahoto ga shugaban makaranta, mai kujera a majalisar da ke tsara dokokin jarrabawa, to maganarsa za ta zama ƙa'ida.

Sai kuma batun ko wane ne zai hau kujerar. Ra'ayina shi ne a fifita mai naƙasa da ya cancanta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Masarautunmu sun daɗe suna naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare daga cikin jama'ar kansu, su sasanta rigingimunsu, su kai kukansu fada. Gaskiya ne wannan tsari ya daɗe yana tafiya tare da bara, amma ginshiƙinsa daidai ne: jama'a ta yi magana da bakin nata. A tarihin Musulunci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya kula da Madina idan ya fita. Shaihu Abdul'aziz bin Baz ya shugabanci Jami'ar Musulunci ta Madina ba ya gani. Taha Hussein na Masar, wanda ya makance tun yana yaro, ya riƙe ministan ilimi daga 1950 zuwa 1952. A gida kuma, Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama Aliyu Namangi, makahon mawaƙin Zariya, da digirin girmamawa, kuma Jibrin Isa Diso, makaho, ya kai matsayin farfesa a sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero. Hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa da aka kafa a 2020, James Lalu, kurma, ya fara riƙe ta. A 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan, wanda shan-inna ta naƙasa tun yana ƙarami, kuma ya shafe shekaru yana ƙera kekunan guragu a Filato.

Wani lokaci sai an ƙwata. Jami'ar Gallaudet ta kurame a Washington ta yi shekara 124 masu ji ne ke shugabantarta, sai a watan Maris na 1988 ɗalibai suka rufe makarantar na mako guda har aka naɗa I. King Jordan, kurma na farko. Ba ina kiran ɗalibanmu su rufe ƙofa ba ne. Ina nufin shugaban makaranta mai hangen nesa ya kira ƙungiyar ɗalibai masu naƙasa ya zauna da su kafin ya yanke musu hukunci, kuma ya lura da masu ƙwazo cikinsu ya riƙe su bayan sun gama, kamar yadda ake riƙe duk ɗalibin da ya yi fice. Kason nan na kashi 5 cikin 100 hanya ce a buɗe. Haɗari ɗaya dai a kiyaye shi: kada a mayar da ofishin wurin da ake tara duk ma'aikaci mai naƙasa. Makahon da ya karanta shari'a, in yana son koyar da shari'a, a bar shi ya koyar.

Komawa Kankiya

Akwai dalilin da ya sa waɗannan shekarun suka fi kowane lokaci muhimmanci a yankinmu. Bayan dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003 da 2004, cutar ta sake bazuwa, har Nijeriya ta samu sama da yara dubu ɗaya da ta kama a 2006 kaɗai, mafi yawansu a Arewa. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, aka yi murna, hankali ya koma wani wuri. Yaran nan kuwa suna nan, kuma a yanzu ne suka kai shekarun shiga manyan makarantu. Ed Roberts, wanda ya shiga Jami'ar Kaliforniya a Berkeley a 1962 yana kwana cikin na'urar numfashi, shi ma shan-inna ce ta kwantar da shi. Daga baya aka naɗa shi shugaban hukumar jihar da ta taɓa cewa ba zai iya aiki ba. Ban da yaran da shan-inna ta kama, ga kuma waɗanda sanƙarau ya toshe wa kunne, da waɗanda ƙyanda ta taɓa wa ido.

Makarantar lafiya ta Kankiya na da matsayi na musamman a wannan lamari. Irin ɗaliban da take yayewa, ma'aikatan lafiyar al'umma da na tsaftar muhalli, su ne ake turawa ƙananan asibitocin karkara, su ne na farko da uwa za ta kawo wa yaro ta ce tun da ya yi zazzaɓi ba ya juyowa in an kira shi. Abin da ma'aikacin zai faɗa mata a wannan rana, ko ya ce "sai haƙuri" ya sallame ta, ko ya gaya mata akwai gwajin ji, akwai makaranta a Malumfashi, akwai kuramen da suka yi digiri, shi zai iya raba yaron da kwanon bara. Ma'aikacin da ya zauna aji ɗaya da kurma ko mai keke na tsawon shekara biyu ko uku ba sai an koya masa wannan amsa ba. Kuma in ya koyi maganar hannu, mace kurma da ta zo awon ciki za ta iya faɗin damuwarta ba tare da an kira ɗanta ya yi mata tafinta ba. Ayyukan lafiya da yawa, irin su adana bayanan marasa lafiya da aikin ɗakin gwaji da wayar da kai, mai keke zai yi su daram. Abin da ya dace shi ne a auna kowane mai neman gurbi da ainihin buƙatun aikin, a daina yanke masa hukunci tun daga bakin ƙofa.

Ƙaramar makaranta ba ta buƙatar darakta da mota. Shugabanta zai iya naɗa ma'aikaci ɗaya a rubuce a wannan zangon, a sa sunansa da ofishinsa a takardar gurbi, a ƙara layi a fom ɗin rajista inda ɗalibi zai bayyana buƙatarsa, sannan a tura ma'aikacin Kano ko Oyo ya samu horo. Jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi na gwamnati suna da asusun TETFund da za su nema domin gini da horar da ma'aikata. Makarantun jiha kuwa albashin tafinta da kuɗin injin rubutun makafi daga kasafin jiha za su fito, kuma Majalisar Dokokin Katsina ce ke amincewa da wannan kasafi. Kankiya na da wakili ɗaya a cikinta, Kusada na da ɗaya, kuma tare da Ingawa suna da ɗan majalisar wakilai a Abuja. Iyayen yaran da ke Malumfashi da makarantar makafi ta Katsina suna da ƙuri'a a waɗannan mazaɓu, kuma suna da damar tambayar wakilan nasu nawa aka ware wa wannan gurbin aiki a kasafin bana.